Wata Shida Maimakon Ashirin: Nazarin Jinyar Wani Tela Mai Tarin Fuka Mai Bijire wa Magani a Kano

Majinyacin tela ne ɗan shekara 36, shagonsa a Fagge, yana haya a Kurna da matarsa da yara uku, autansu ɗan shekara biyu. An sakaya sunansa. Ya zo asibiti cikin Afrilu, bazara ta kankama, da tarin da ya haura wata uku, zufar dare da zazzaɓin yamma. Nauyinsa kilo 49, wandon da ya ɗinka wa kansa bara ya koma yana naɗe shi a ƙugu.

Ba wannan ne karon farko ba. Shekara biyu da suka wuce an same shi da tarin fuka, wanda aka fi kira tibi, aka ɗora shi kan maganin da aka saba na wata shida: wata biyu na haɗin magani huɗu, sannan wata huɗu na rifamfisin da isoniyazid. Ya sha wata uku, tari ya tsaya, ɗinkin sallah ya taso, bai sake komawa ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Da tarin ya dawo, kemis ya fara zuwa, aka ce taifot ne, aka ba shi sifurofuloksasin har zagaye biyu. Kowane zagaye yakan ɗan ji sauƙi, domin dangin wannan magani suna taɓa ƙwayar tibi, su rage mata ƙarfi ba tare da sun kashe ta ba. Daga nan wani ƙaramin asibitin kuɗi ya duba kakinsa da madubin likita, ya ga ƙwayar, ya sake ɗora shi kan maganin farko. Mako shida ya ƙara tafiya a banza.

Kuskuren da ya fi tsada ke nan. Madubin likita yana nuna ƙwayar tana nan, amma ba ya faɗin ko tana jin magani. Duk wanda ake zargi da tibi, balle wanda ya taɓa shan maganinsa, gwajin GeneXpert, na'urar da ke gano ƙwayar da kuma ko ta bijire wa rifamfisin, shi ne na farko a kansa, kuma kyauta ake yinsa a cibiyoyin shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa. Sai dai kada a yi gaggawar ɗora wa majinyaci laifin komai. Da yawa daga masu nau'in da ya bijire wa magani ba su taɓa shan ƙwaya ɗaya ta maganin tibi ba, ƙwayar da ta riga ta bijire suka shaƙa daga wani. Ma'aikacin da ya tarbi mutum da faɗa a ranar farko shi ne ba zai ji gaskiya daga bakinsa a mako na goma ba.

Gwaje-gwajen gano cutar

Kakin farko da ya kawo rabinsa yawu ne, sai da aka sake. Ana fita da mutum fili, ya kurkure baki da ruwa, ya ja dogon numfashi sau uku, sannan ya kakaro daga ƙirji, kamar cikin ƙaramin cokali. A ɗakin gwaji ana zuba ruwan narkarwa ninki biyu na kakin, a girgiza, a bar shi minti 15, a ɗura cikin 'yar robar gwaji. Sakamako bai kai awa biyu ba. Na'urar tana son ɗaki da bai haura digiri 30 ba, robobin kuma ana adana su tsakanin digiri 2 da 28. A Afrilun Kano, da zafi ke haura 40, ɗakin da babu na'urar sanyayawa da tsayayyar wuta yakan yi ta fitar da sakamako marar amfani, a yi asarar roba da kaki da kuɗin motar majinyaci.

Sakamakon ya nuna tibi mai yawa, kuma ta bijire wa rifamfisin. A ranar aka tsayar da tsohon maganin, aka sanar da jami'in tibi na ƙaramar hukuma, aka karɓi ƙarin kaki biyu. Ɗaya ya tafi gwajin Xpert MTB/XDR, mai duba isoniyazid da dangin moksifuloksasin da tsofaffin allurai. Ɗayan ya tafi gwajin shuka, inda ake rainon ƙwayar a ga ko za ta tsiro. Irin wannan aiki manyan ɗakunan gwaji ke yinsa, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na cibiyar horaswa kan tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya.

Gwajin Xpert MTB/XDR ya nuna ƙwayar ta bijire wa isoniyazid ma, amma tana jin moksifuloksasin. Idan aka tuna zagaye biyun sifurofuloksasin da ya sha a kemis, wanda danginsu ɗaya da moksifuloksasin, ya tsallake rijiya da baya. Wannan layi ɗaya na sakamakon shi ya yanke abu biyu: wane haɗi za a ba shi, da kuma ko akwai maganin kariya da za a ba 'ya'yansa.

Abin da ya canza

Shekara goma da suka wuce, abin da ke jiran wannan tela shi ne jinyar wata 20, wata takwas na farko da allurar kanamaisin kusan kullum, sau da yawa da doguwar kwanciya irin wadda aka sani a Asibitin Zana, asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Allurar tana kurmantar da mutane, kurumtar da ba ta warkewa, tana kuma taɓa ƙoda. Canjin ya zo daki-daki. A ƙarshen 2012 Amurka ta amince da bedakwilin, sabon maganin tibi na farko cikin shekara 40. A 2019 aka amince da firetomanid. Binciken Nix-TB a Afirka ta Kudu ya haɗa su biyun da linezolid ga mutum 109 masu nau'i mafi tsanani, kashi 90 cikin ɗari suka warke, amma kashi 81 suka gamu da ciwon jijiyar ƙafa, saboda miligiram 1,200 na linezolid ake ba su kullum. Binciken ZeNix ya rage shi zuwa 600: warkewa ta tsaya a kashi 91, ciwon jijiya ya sauko zuwa 24. Sai binciken TB-PRACTECAL na ƙungiyar likitoci ta MSF a Uzbekistan da Belarus da Afirka ta Kudu, wanda ya ƙara moksifuloksasin, ya samu kashi 89, tsohon tsari kuwa 52. A Disambar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan haɗin magani huɗu, mai laƙabin BPaLM, a matsayin zaɓin farko: mako 26, duka na haɗiya, babu allura.

Ba kowa ake ba shi ba. Sai ɗan shekara 14 zuwa sama. Ba a ba mai juna biyu ko mai shayarwa, ba a ba wanda tibi ta shiga ƙwaƙwalwa ko ƙashi ko ta watsu a jiki, haka wanda ya taɓa shan bedakwilin ko linezolid ko firetomanid fiye da wata guda sai an tabbatar ƙwayarsa tana jinsu. Ga yara da masu ciki, tun 2024 akwai wani haɗin na wata shida da ke sa delamanid a gurbin firetomanid. Da a ce ƙwayar telan ta bijire wa moksifuloksasin, cire shi kawai za a yi a ci gaba da ukun, wato BPaL.

Awon da aka yi kafin ƙwayar farko

Himogulobin ɗinsa, wato ma'aunin yawan jini, 10.8. Ƙasa da 8, sai an gyara jini kafin a taɓa linezolid. Fararen ƙwayoyin jini da masu daskarar da jini daidai, hanta da ƙoda daidai, babu ciwon suga, babu ƙanjamau. Inda yana da ita, da an duba maganinsa: efabirenz yana zubar da ƙarfin bedakwilin da firetomanid, zidobudin yana haɗuwa da linezolid su danne ɓargo, inda jiki ke yin jini, haɗin da ke da dolutegirabir kuwa babu matsala.

Awon bugun zuciya yana da wata dabara da ake yawan tuntuɓe a kanta. Bedakwilin da moksifuloksasin suna tsawaita tazarar QT, wato lokacin da zuciya ke ɗauka ta buga ta kuma shirya wa bugu na gaba, kuma idan ta haura 500 akwai haɗarin rikicewar bugu. Takardar da na'urar ta fitar ta rubuta 452, amma da lissafin Bazett ta yi, wanda ke kumbura adadi idan zuciya tana sauri, tasa kuwa tana bugun 96 a minti. Lissafin Fridericia ake amfani da shi a wannan jinya. Da aka yi da shi, 418 aka samu. An sha hana mutane magani, ko a tsayar musu da shi, kan adadin da ba shi ne na gaskiya ba.

Sai ƙafa da ido, kuma nan sana'arsa ta shigo ciki. An kaɗa wani ƙarfen awo mai baki biyu aka ɗora a babban yatsan kowace ƙafa, ya ji rawarsa har ta mutu. An gwada shi da allon haruffa da littafin launuka, ya karanta duka. Ma'aikaciyar jinya ta ce masa: "Malam, kai ka fi mu kayan awo. Ranar da zura zare a allura ya fara yi maka wuya, ko jan zare da kore suka fara yi maka kama, ko ka ji ba ka jin matakin keke a tafin ƙafarka, kada ka jira ranar zuwanka. Ka zo a ranar." Wannan bayani ya fi masa amfani da jerin illolin da ke takardar kwali.

Yadda ake shan maganin

Mako biyu na farko: bedakwilin ƙwaya huɗu masu miligiram 100, firetomanid 200 ƙwaya ɗaya, linezolid 600 ƙwaya ɗaya, moksifuloksasin 400 ƙwaya ɗaya. Bakwai ke nan kullum. Daga rana ta 15, ukun suna nan kullum, bedakwilin kuwa ya koma ƙwaya biyu sau uku a mako, Litinin da Laraba da Juma'a, da tazarar aƙalla awa 48. Jimillar bedakwilin a mako 26 ƙwaya 200 ce, kuma ƙirga abin da ya rage a kwalba hanya ce mai sauƙi ta gano ko an yi kuskure. Kuskuren da aka fi yi a ranar sauyin yake: wani ya ci gaba da huɗu kullum, wani ya mayar da dukkan magungunan sau uku a mako. An zana wa matarsa kalanda da da'ira a ranakun ƙwaya biyar, ita ce mai lura da shansa a gida.

Dole a sha da abinci, domin abinci yana ninka abin da jiki ke tsotsa na bedakwilin. Koko da ƙosai, ko waina, ko ɗumamen tuwo da mai sun wadatar. Ruwan shayi kaɗai bai isa ba. Gidan da magidanci ya daina ɗinki karin kumallo ma abin nema ne, shi ya sa tambayar "me ka ci kafin ka sha?" take cikin kowane zama, tare da neman masa duk tallafin abinci da kuɗin mota da ke akwai.

Inda abubuwa suka karkace

Makonni huɗu na farko lafiya. Zazzaɓi ya tafi, ya ƙara kilo biyu. Himogulobin ya nuna 10.4 a mako na biyu, 9.9 a na huɗu. Kowane adadi shi kaɗai ba abin tsoro ba ne, amma jerinsu gangara yake yi, kuma wannan ya isa a matso da awo na gaba. Ba a matso ba. A mako na takwas ya aiko ƙaninsa karɓar magani, aka ba shi ba tare da an ɗebi jini ba. A ganinmu nan ne tsarin ya gaza: duk wanda ke kan linezolid, kada maganin wata ya fita sai an ga sakamakon jininsa.

A mako na goma ya zo yana haki, tafin hannu fari fat, himogulobin 7.4. Linezolid ya danne ɓargo. Da aka tambaye shi, ya ce: "Wallahi likita, da na ga jiri ya dame ni, maganin ƙarin jini na saya, tare nake haɗiye su da safe." Matsala biyu ke nan. Ƙarancin jinin ba na rashin sinadarin ƙarfe ba ne, don haka maganin bai tsinana komai ba. Sannan ƙarfe, da zinki, da farin maganin gyambon ciki, suna kama moksifuloksasin a hanji su hana shi shiga jini. Mako biyu yana haɗiyar magani huɗu, uku ne ke aiki sosai. Idan dole sai an sha su, moksifuloksasin ya riga da awa huɗu, ko ya biyo baya da awa takwas.

An tsayar da linezolid shi kaɗai, ukun suka ci gaba, aka ƙara masa jini leda ɗaya. Bayan kwana goma ya kai 9.1. Kwamitin likitocin da ke duba irin waɗannan jinyoyi ya mayar da shi kan miligiram 300, da awon jini kowane mako har wata guda. Abin da ya ba da wannan dama shi ne ya riga ya cika mako tara kan 600. Makonni taran farko su ne ginshiƙin haɗin. Inda a mako na biyar abin ya faru kuma jinin ya ƙi ɗagowa, da maganar sauya masa tsari gaba ɗaya zuwa mai tsawo ake yi. Ka'idar a taƙaice: linezolid ana iya rage shi ko dakatar da shi, moksifuloksasin ana iya cire shi, amma idan bedakwilin ko firetomanid ya fita har abada, haɗin ya rushe.

A mako na 17, tsakiyar Agusta, zazzaɓin cizon sauro ya kama shi da amai. Maganin zazzaɓin da aka fi bayarwa, mai lumefantirin, shi ma yana ɗan ja tazarar QT, amai kuma yana zubar da sinadarin fotasiyam na jini, rashinsa kuwa yana ƙara jan ta. Wannan karon asibiti ya fara zuwa. Fotasiyam 3.2, tazara 462. An gyara fotasiyam, aka ba shi maganin zazzaɓin, aka kauce wa magungunan tsayar da amai masu taɓa zuciya, aka sake awo a rana ta biyu da ta huɗu. Ta kai 488 ta sauko. Ba a taɓa maganin tibi ba. Inda kwinin aka ɗaura masa a wani wuri ba tare da an san abin da yake sha ba, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Katin jinya da jerin magungunansa ya kamata ya zauna a aljihunsa.

A mako na 20 ya zo da kansa, ba ranarsa ba, ya ce tafin ƙafarsa yana zogi da dare kuma kamar auduga yake takawa. Ƙarfen awo ya tabbatar: ba ya jin rawarsa a manyan yatsu biyu. Ya kuma amsa cewa ya sha tiramadol sau biyu don ya samu barci. Tiramadol da linezolid ba sa haɗuwa, suna iya jawo karkarwa, zufa, ruɗewa da zafin jiki mai kisa. Amitiriftilin, da aka saba bayarwa don zogin jijiya, shi ma yana cikin wannan sahu, ga shi yana taɓa zuciya. Gabafentin aka ba shi. Tunda saura mako shida, ƙasa da takwas, kuma shukar kakinsa ta riga ta daina tsirowa, an cire linezolid ɗungurungum, ba a kuma rama kwanakinsa ba. Ciwon jijiya ba kamar ƙarancin jini ba ne, idan aka bar shi ya yi nisa ba lallai ya koma ba, tela kuma da ƙafa yake ci.

Gida da shago

An bi mutum tara: matarsa, yara uku, ƙaninsa, da yaran shago huɗu da ke yini tare da shi a ɗaki mai taga ɗaya. Kowa an tambaye shi alamomi an ɗauki hoton ƙirjinsa. Autan ba ya iya kakarowa, don haka bayan gidansa aka saka a GeneXpert, hanyar da yanzu aka amince da ita ga ƙananan yara. Babu mai cutar. An ɗora 'ya'yansa kan lebofuloksasin kullum na wata shida, kariyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2024 bayan bincike a Afirka ta Kudu da Biyetnam ya nuna tana rage kamuwa da kusan kashi 60. Autan, mai kilo 11, yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 100 da ake narkarwa a ruwa. Da sifurofuloksasin ɗin kemis ya lalata wannan dangi na magani, da babu abin da za a ba shi sai sa ido.

A makonnin farko an ce ya kwana shi kaɗai, a bar tagogi buɗe, ya sa takunkumi idan yana cikin mutane. Zafin bazara ya taimaka, a tsakar gida yake kwana. Raba kwano da cokali ba shi da amfani, ta iska cutar ke tafiya, kuma wariya irin wannan ita ke sa mutane ɓoye jinyarsu.

Ƙarshen jinya

Ana kai kakinsa shuka kowane wata. Ta wata na ɗaya ta tsiro, daga ta biyu har ta shida babu wadda ta tsiro. Kafin a ce shuka ba ta tsiro ba sai ta yi kwana 42, don haka kullum labarin wata ɗaya da rabi da ya wuce ake karantawa, nauyi da madubin likita ne ke cike giɓin. Ba a bibiyar jinya da GeneXpert, domin yana ganin gawar ƙwayar kamar yadda yake ganin mai rai, har bayan an warke. Inda yana kan BPaL kuma shuka ta tsiro tsakanin wata na huɗu da na shida, da an ja jinyar zuwa mako 39.

A tsawon jinyar akwai kwana biyar da ya tsallake maganin gaba ɗaya, an rama su a ƙarshe. An nace kan haka saboda halin bedakwilin: yakan ɗauki fiye da wata biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya watsar da jinya a tsakiya, sauran magungunan suna fita cikin kwanaki, bedakwilin ya rage shi kaɗai, da ƙarfin da bai isa kashe ƙwayar ba amma ya isa ta koyi bijire masa. Daga nan zaɓin da ya rage kaɗan ne, ga shi da duk wanda ya shaƙa daga gare shi.

An rubuta shi cikin waɗanda suka warke a watan Oktoba, da kilo 57 da himogulobin 12.3. Hoton ƙirji ya nuna tabo a saman huhun dama, kuma an gaya masa ɗan tari da haki a hunturu ba lallai dawowar cutar ba ne, amma duk tarin da ya kai mako biyu a kawo kaki shuka. Zogin dare ya lafa, sai dai babban yatsan hagu har yanzu bai dawo da ji ba, da ƙafar dama yake taka keke. Zai dawo awo bayan wata shida, sannan bayan shekara guda, yaran kuma ana ci gaba da auna nauyinsu a kowane zuwa.